Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Wataƙila shi ya sa kalmar da ake kiran mai jan makaho da ita, wato ɗan jagora, da ita kuma ake kiran wanda ke nuna wa baƙo hanya a ƙasar da bai sani ba. Idan ana lissafin sana'o'in gargajiya a aji, akan ambaci noma da ƙira da saƙa da jima da su da farauta, amma da wuya a ji an ambaci jagoranci, alhali kuwa babu baƙon da ya taɓa shiga daji ko ya hau kogi a wannan ƙasa ya dawo da labari ba tare da wani ɗan ƙasa ya tsaya a gabansa ko a bayansa ba. Sunan baƙon ne ke shiga littafi. Na ɗan jagoran yakan tsaya a bakin ruwa, inda aka sallame shi.

A unguwar Bobiyel, a arewacin birnin Yamai, akwai wani dattijo da ya shekara kusan arba'in yana wannan sana'a a kan kogin Isa. Maƙwabta ba sa kiransa da sunan yanka, Basarke suke ce masa, domin shi kaɗai ne a layin da ya fito daga zuriyar Sarkawa. Bobiyel a kan tudu take, nesa da gaɓa, kuma mafi yawan yaran da ke wucewa ta ƙofar gidan da safe zuwa makaranta ba su taɓa sa ƙafa cikin kwalekwale ba. Sun san kogin ne daga saman gada, ta tagar mota. Ba su san cewa tsohon da ke zaune a kan tabarma yana jan carbi zai iya duban launin ruwa ya faɗi inda aka yi ruwan saman da ya kawo shi ba.

An haife shi a wani ƙauyen masunta kusa da Gaya, inda kogin ke shirin barin Nijar ya shiga Najeriya. Kakanninsa daga ƙasar Kabi suka hauro, suna bin kifi daga gungu zuwa gungu, kamar yadda Sarkawa da yawa suka yi har suka cuɗanya da takwarorinsu Sorko masu magana da Zabarmanci. Mahaifinsa yana cikin na ƙarshe da suka fita farautar dorina da zago, wato mashin nan mai ƙugiya da ake ɗaura wa doguwar igiya da abin da zai yi iyo a saman ruwa, don a san inda dabbar ta nufa bayan an soke ta. A ƙauyensu ba a fita irin wannan farauta don kawai an yi sha'awar nama. Sai dorina ta addabi gonakin shinkafa ko ta kifar da jirgi, sannan sarkin ruwa ya tara manya, a tsai da rana, a yi tanadin jirgi mai ƙarfi, a roƙi Allah, a fita. Idan an samu, naman na gari ne gaba ɗaya. Shi yaron ba a taɓa ba shi zago ya riƙe ba. Filafili aka ba shi, aka ce ya zauna a baya ya yi shiru ya buɗe ido. Wannan shirun da buɗe idon su ne suka ciyar da shi da iyalinsa daga baya.

Farin 1973 da 1974 ne ya fitar da shi daga gida. Ruwa ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, taru da mamari suka daina ciyar da babban gida. Ya hauro Yamai yana saurayi, ya kama jigilar kabewa da itace da buhunan shinkafa a jirgin wani ɗan garinsu. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ta riga ta rage wa masu fito ciniki a tsakiyar gari, amma a daidai wannan lokaci wani cinikin yana tasowa. Birnin ya cika da Turawa ma'aikata: malaman makaranta, likitoci, injiniyoyi, da mutanen ƙungiyoyin agaji da fari ya jawo. Ranar Lahadi sukan gangaro bakin kogi da kamara da kwandon abinci, kuma tambayarsu ɗaya ce, ina za a ga dorina. Masu jirage da yawa sun iya tuƙi, amma ba kowa ya san amsar ba. Basarke ya sani. A haka ya koyi Faransanci, irin wanda shi da kansa yake kira Faransancin cikin jirgi, ya kuma yi suna har ana aiko masa baƙi daga otal. Ya kai su Bubon, garin tukwane, mai nisan kilomita 25 daga birni. Ya kai su Ayoru, kusan kilomita 200 ta arewa maso yamma, su ci kasuwar Lahadi su kwana a gungu. Wasu lokutan ya gangara da su kudu ta Say har Bumba, a gefen gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954 aka kuma raɗa masa suna daga yadda kogin ya karkace sau uku a wurin kamar wannan harafi na boko.

Abin da baƙin ke biya ba ƙarfin damtsensa ba ne, ko da yake su haka suke zato. Dorina da rana ba ta nuna komai sai kunnuwa da hanci, kuma takan nutse ta yi minti biyar ba ta ɗago ba. Wanda bai sani ba zai iya wucewa ta kanta, ko ma ya hau kanta. Shi kuwa tun da asuba yake karanta gaɓa: sawun da ta bari lokacin da ta fita kiwo da dare, inda ta watsa kashinta a kan ciyawa don shata iyakarta, da burgun da ta sheme. Ya san cewa babban namiji yana riƙe da yankinsa na ruwa, ba ya son a ratsa masa, kuma uwa mai ɗa ta fi shi haɗari. Ya san ba a shiga tsakaninta da zurfi, domin can za ta nufa idan ta firgita, ta bi ta kan duk abin da ya tare mata hanya. Idan ya kusato wurin da yake zargi, yakan ƙwanƙwasa gefen jirgi da filafili, a hankali, sau uku ko huɗu, yana sallama ke nan, sai ta ɗago ta nuna kanta, shi kuma ya ba ta hanya. Ya san cikar kogi iri biyu ce a Yamai. Akwai jan ruwa na watan Agusta da Satumba, wanda rafuka irin su Sirba da Dargol da Gorwal ke kwararowa da shi daga ɓangaren Burkina Faso, mai laka da hanzari da tarkacen itace. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya zuba a duwatsun Gine tun da damina, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sai cikin hunturu ya iso, a natse, ya tace. Ya ga shekarar 1985, lokacin da kogin ya tsaya cik a Yamai har mutane suka tsallaka da ƙafa, kuma daga abin da ya gani a ƙasan ruwan a wannan shekara ya haddace wuraren duwatsu da ramuka da ya yi ta kauce musu shekaru talatin bayan haka.

Ɗansa na uku yana zaune a Otawa, babban birnin Kanada. Wata rana da yamma ya kira ta WhatsApp, bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ya ce, "Baba, kun san nan ma akwai masu irin aikinku?" Wani abokin aikinsa ne ke neman wa surukinsa, mutumin Turai, wanda zai kai shi farautar beyar cikin kwalekwale, suka yi kwanaki suna tambaya. Tsohon bai san beyar ba, sai ɗan ya kwatanta masa: dabba ce mai kauri da baƙin gashi, ta fi kura girma nesa ba kusa ba, tana hawan itace, tana cin ƴaƴan itatuwa da kifi da zuma, idan sanyi ya tsananta ta shige rami ta kwanta watanni ba ta fito ba. Ya ce a lardin Ontariyo, maharbin da ba mazaunin lardin ba ne galibi ba ya samun iznin harbinta sai ta hannun wani mai masaukin mafarauta wanda hukuma ta ba shi takarda, ta kuma keɓe masa yanki na daji da zai kula da shi. Mafi yawan masu wannan sana'a abinci suke ajiye wa dabbar, maharbi ya hau dandamali a kan itace ya jira ta. Masu bi ta jirgi kaɗan ne, shi ya sa samunsu ke da wuya: sai an yi kwana da kwanaki ana bin tafkuna da rafuka, inda ruwa ya yanke a ɗauki jirgin a ka a ratsa daji da shi zuwa wani tafkin. Irin wannan jirgi mara nauyi, in ji ɗan, ƴan asalin ƙasar ne suka fara yin sa da ɓawon itace, kuma su ne suka nuna wa Faransawa ƴan fataucin fatu hanyoyin ruwa shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

Basarke ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya biyu. Ta farko, wa ke zama a bayan jirgin? Aka ce masa mutumin wurin. Ta biyu, idan uwa ce da ƴaƴa fa? Ɗan ya ce an hana harbinta a farautar farkon ɗumi, har ma a 1999 lardin ya soke farautar wannan lokaci gaba ɗaya saboda ƙorafin da ake yi a kan ƴaƴan da ke zama marayu, sai a 2014 aka sake buɗe ta a matsayin gwaji. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ashe beyar ma dorinar wasu ce." Abin da ya tsaya masa a rai bayan an kashe waya shi ne cewa a can doka ce ta tilasta wa baƙo ya nemi ɗan gari. Shi bai taɓa riƙe wata takarda da ta kira shi ɗan jagora ba. Ko a yankunan farauta na maƙwabta, kewayen Arli da Pama a Burkina Faso da kewayen Panjari a Benin, inda a da maharba ke zuwa daga Turai da Amurka neman ɓauna da gwanki, sau da yawa mai takardar jagorancin baƙo ne, mai bin sawun kuwa ɗan ƙauyen da ke kusa.

Tarihin wannan kogi ya daɗe yana ba da shaida a kan darajar mai zama a bayan jirgi. Mungo Park, mutumin Sikotilan, ya hau kogin daga Sansanding a ƙasar Mali cikin 1805, da niyyar bin sa har inda ya ƙare. Yana da tafinta kuma ɗan jagora mai suna Amadi Fatuma, wanda ya rako shi ta gaban Tumbuktu da Gao, ya ratsa ƙasar da take Nijar a yau, har Yawuri, inda yarjejeniyarsu ta cika ya sauka. Ba a yi nisa ba, a farkon 1806, jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, Park ya halaka a ruwa. Kuma daga bakin wannan ɗan jagora ne duniya ta ji yadda abin ya faru.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya bi kogin cikin kwalekwale daga 1946 zuwa 1947 tare da abokansa biyu. Wanda ya buɗe masa ƙofar duniyar masunta shi ne Damure Zika, ɗan Sorko, wanda ya zama abokin aikinsa har mutuwa ta raba su. A 1951 Rouch ya ɗauki fim na farautar dorina da zago a yankin Ayoru, Bataille sur le grand fleuve, inda babban namijin da suka yi ta bi ya fasa musu jirgi ya tsere. A 1954 ya koma ya nuna wa masuntan fim ɗin a garinsu. Suka kalla, suka gane kansu da waɗanda suka rasu, sannan suka kama shi da laifi ɗaya: kiɗan da ya ɗora a kan hoton. Suka ce ba a farautar dorina da kiɗa, domin tana ji daga ƙarƙashin ruwa. Rouch ya karɓi gyaran, kuma ya sha faɗa daga baya cewa wannan dare ya sauya masa yadda yake aiki. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai. Damure Zika ya bi shi a 2009. Basarke bai taɓa ganin fim ɗin ba, amma da aka ba shi labarin kiɗan sai ya ce masuntan sun yi gaskiya, haka mahaifinsa ma zai ce.

Ɗan jagora yana nuna hanya, amma akwai ranar da aikinsa shi ne ya hana. Tun daga shekarun 1970 har zuwa tsakiyar shekarun 1990 farauta a rufe take a Nijar, kuma ko bayan da aka kafa dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998, dorina da ayu da raƙumin dawa suna cikin dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan. Cikin wani rani na shekarun 1980, wani baƙo ya yi hayar jirgin Basarke na kwana biyu, ya shigo da doguwar jaka da ya ce kayan kamun kifi ne. Da suka wuce Bubon, garke ya bayyana a gefen wani gungu, sai mutumin ya zuge jakar ya fito da bindiga, ya kuma ajiye a kan allon jirgi kuɗin da ya fi abin da matuƙin ke samu a wata uku. Lokacin matarsa tana da tsohon ciki, rufin ɗaki kuma yana jiran gyara kafin damina. Basarke ya dubi kuɗin, ya kafa gora, ya juya kan jirgin. Ya ce, "Mushe, jirgin nan ba ya ɗaukar bindiga." Baƙon ya yi faɗa, ya ƙara kuɗi, ya yi barazanar zai ɓata masa suna a otal. Suka dawo Yamai ba mai ce wa wani uffan, kuma ko kuɗin yinin bai biya ba.

Idan ya ba da wannan labari ba ya ɗaukar kansa waliyyi. Yakan ce dalilinsa na farko tsoro ne, domin idan ma'aikatan gandun daji suka ji ƙarar harbi, baƙon jirgin sama zai hau, shi kuma kurkuku. Dalili na biyu shi ne wanda ya fi nanatawa. Dorina ba ta faɗuwa da harsashi ɗaya sai a hannun wanda ya san wurin, kuma wadda aka ji wa rauni ta tsira takan zama abokiyar gaba ga duk jirgin da ya biyo baya. Jirgin da zai biyo baya kuwa na matan da ke zuwa kasuwar Laraba ne da tukwanensu da goyonsu. Baƙo raɓa ne, gobe ba ya nan. Wanda zai zauna da sakamakon harbin shi ne mai ƙauye. Wannan lissafi ba ya cikin kan maharbin da ya zo daga nesa, ko da mutumin kirki ne, sai dai a cikin kan wanda ke riƙe da filafili. Inda ɗan jagora ya rasa ikon cewa a'a, an ga abin da ya biyo baya. A farkon shekarun 2000, manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa sun yi ta shigowa hamadar gabashin ƙasar da ayarin motoci da shahuna, suna farautar tuje da barewa, har masu kula da namun daji suka yi ta kuka, kafin a kafa gandun Termit da Tin Tumma a 2012.

Kada a ɗauka cewa wannan ilimi don baƙi kawai yake da amfani. A watan Nuwamba 2014, a Libore, ƙofar Yamai, dorina ta kifar da jirgin da ke ɗauke da ƴan makaranta, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara. A 2017 mutanen yankin Ayoru, waɗanda suka gaji da ɓarnar gonaki da kisan shanu, suka kashe dorina aƙalla 27 cikin ƴan watanni, kuma a watan Yuli na wannan shekara gwamnati ta keɓe wa dabbobin mafaka a yankin Kandaji. Dalilan rikicin a fili suke: burgun da dorina ke ci an mai da wurinsa gonakin shinkafa, yashi yana cike kogi yana rage wuraren zurfi, mutane da dabbobi sun taru a ruwa ɗaya. A da akwai masu tsayawa tsakani, waɗanda suka san wace dorina ce ta zama mugu, wane mashigi ne bai kamata a bi ba a wane wata, kuma yaushe ya kamata a ɗaga wa dabba ƙafa. Ranar da labarin Libore ya iso, Basarke bai ci abincin dare ba. Bai ɗora wa kowa laifi ba, domin bai ga abin da ya faru ba, kuma ya san dorina takan afka wa gwani ma. Abin da ya ce kawai shi ne, yaran da ke tsallaka ruwa kullum zuwa makaranta sun fi kowane Bature bukatar abin da ya sani, amma ba wanda ya taɓa neman ya gaya musu.

Daga nan sana'ar ta fara mutuwa a hannunsa. Rashin tsaro ya rufe hanyar Ayoru, sannan ya rufe gandun W, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya tun 1996. A watan Mayu 2019 aka sace Faransawa biyu a gandun Panjari, aka kashe ɗan jagoransu, mutumin Benin. A ranar 9 ga Agusta 2020, a Kure, kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawa suka ƙaru daga 49 a 1996 zuwa sama da 600 saboda haƙurin manoma da himmar ƴan jagora, ƴan bindiga suka kashe mutum takwas: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da ɗan jagoransu. A wurare biyun ɗan gari ya mutu a bakin aikinsa. Wata guda bayan haka jan ruwa ya cika har ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsai, ya rushe dubban gidaje a unguwannin gaɓa, har da na Basarke. Babbar ƴarsa ta zo da mota ta ce, "Baba, ku taso haka nan, ruwan ya ishe ku." Shi ne zuwansa Bobiyel. Bayan sauyin mulki na watan Yuli 2023 mafi yawan Turawan da suka rage suka tafi, abokan sana'arsa da ke jira a bakin kogi suka koma ɗiban yashi ko gadi.

A nan ne maganar ta shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu. Shekara arba'in kuɗin baƙo ne ya riƙe wannan ilimi da rai. Muddin akwai mai biya don a nuna masa dorina, akwai saurayin da zai zauna a bayan jirgi ya koya. Da baƙon ya ɗauke ƙafa, sai aka ga cewa gida bai taɓa yi masa farashi ba. Ƴaƴan Basarke bakwai, babu masunci ko ɗaya, kuma shi ya so haka, domin ya sa su makaranta da kuɗin jirgi don kada su sha wahalar da ya sha. Jikokinsa sun ga dorina a gidan tarihi na Bubu Hama, a cikin kwarmin siminti. A littafin makaranta sun haddace cewa kogin ya kai tsawon kilomita 4,200, kuma kusan 550 daga ciki a Nijar suke, amma ba su san bambancin jan ruwa da baƙin ruwa ba, ba su san kirinjijiya daga ɗinya ba, ba su taɓa jin kalmar zago ba. Idan ya tsokane su da wasan kaka da jika ya ce musu ƴan tudu, sukan rama da cewa, "Kaka, ai ku ma yanzu ɗan tudu ne." Yakan yi dariya, amma maganar tana taɓa shi.

A 2025 an ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshe kuwa da kalmominsa yake tsayuwa, kuma kalmomin ruwa, na Hausa da na Zabarmanci duka, ba a ofis suke ba, suna bakin tsofaffi irin wannan. Sarkawan Kabi sun samu abin da ya riƙe nasu, wato bikin Argungu, wanda UNESCO ta amince da shi a 2016, inda yaro ke ganin tseren jirage da nutso da kamun agwagwar ruwa da hannu, ya san cewa abin da kakansa ya iya abin alfahari ne. Yamai ma ba ta rasa kayan aiki ba. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, a cikin birnin take. Wayar da ke aljihun kowane malami ta isa ɗaukar murya. Abin da ake bukata ba shi da tsada: ƙungiyar unguwa ta nemo irin waɗannan dattawa, domin ambaliya ta warwatsa su cikin unguwannin tudu inda ba a san su ba. Malamin tarihi da labarin ƙasa ya gayyaci ɗaya zuwa aji, ya bar shi ya yi magana da harshensa, yara su rubuta sunayen kifaye da tsuntsaye da sassan jirgi, su kwatanta na Hausa da na Zabarmanci. Makarantun da ɗalibansu ke fito su sa ka'idojin haɗuwa da dorina cikin darasi, kamar yadda ake koyar da tsallaka titi. Kuma a biya tsohon ladan lokacinsa, ko da kaɗan ne, domin abin da ake karɓa kyauta kullum ba a ganin girmansa.

Kwanan baya wani malamin firamare na unguwar, wanda jikar Basarke ke ajinsa, ya zo gaishe shi, ya tambaye shi ko zai yarda ya raka ƴan ajin bakin kogi. Tsohon ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi, ba zai iya tuƙi ba, amma yana da tsohon yaronsa a Gamkale mai jirgi mai kyau da hankali. Ya ce a bari jan ruwa ya wuce, a jira baƙin ruwa cikin Janairu, a samo rigunan iyo, kada a ɗauki fiye da goma a sahu ɗaya. Malamin ya tambayi abin da yaran za su zo da shi. Ya ce littafi da alƙalami sun isa, sai dai a zo masa da asuba, kuma a gaya musu tun daga gida cewa a cikin jirgi ba a surutu.